Sunan da Ke Ƙirjin Rigar Fata

Akwai wata rana da na san ko tsufa ya kwashe min komai a kai, ita ba zai iya ɗauke ta ba. Shekara huɗu ke nan da faruwar abin. Har yau in na ji warin kananzir, ko na ga reza a kan tiren mai kayan koli, sai gabana ya faɗi. Mutanen gidanmu in aka tayar da zancen dariya suke yi har da riƙe ciki. Ni ma ina taya su, sai dai tawa dariyar ba ta wuce haƙora.

Ni 'yar Gaya ce, a can na yi firamare da sakandare, aure ne ya kai ni Toranke ta ƙasar Ajingi. Lokacin da abin ya faru kwanana ashirin da uku a gidan miji, kuma a kwanakin nan ban yi wani abin da za a nuna a ce madalla ba. Tuwon dawar da na fara tuƙawa ya yi gudaji, na biyu ya kama, na uku kuwa tunkiya ce ta riga mutane ɗanɗanawa don na bar tukunyar a buɗe. Surukata, wadda kowa ke ce wa Inna, ba ta taɓa yi min faɗa ba. Kallona kawai take yi ta ce, "Za ki iya, Amarya." Ni kuwa da ta yi faɗan ma da ya fi min sauƙi. Kullum cikin neman hanyar da zan burge ta nake.

Surukina tsohon malamin gona ne. Ya yi ritaya, amma mutane ba su bar shi ya huta ba, in tsutsa ta faɗa wa gero ko gyaɗa ta yi ja, shi ake zuwa ɗauka. Da sassafe zai hau tsohon babur ɗinsa, ko ana yayyafi, ya dawo yana tari. 'Ya'yansa Baba suke ce masa. Inna tana ce masa Malam. Mutanen gari suna kiran sa da wani laƙabi da ya samu tun yana saurayi, kuma laƙabin nan ne aka buga a katin bikinmu. Maigidana tun a makaranta sunan gari ya ɗora a bayan nasa. Jikan da aka yi wa Baba takwara, Abba ake kiran sa. Wurin ɗaurin aure kuwa, inda aka ambaci sunaye, ai ba a zuwa da amarya. Na faɗi wannan duka ne don kada a gaba wani ya ce ni sakarya ce fiye da yadda nake.

Wata ranar Juma'a maigidana ya dawo daga Kano da baƙar leda a hannu. Ya miƙo min ya ce, "Ajiye min wannan inda ba wanda zai gani. Ta Baba ce, gobe da la'asar zan ba shi." Bai ƙara komai ba, ni kuma ban tambaya ba, don lokacin ko ido ba na iya haɗawa da shi sosai. Washegari ya fita da wuri zuwa Gaya wajen wani taro na ofis, ya ce wayarsa za ta kasance a kashe.

Da na gama shara sai na buɗe ledar. Rigar fata ce, jaket, ruwan ƙasa, mai laushi, mai zif har wuya. Tana da wani wari mai ƙarfi na fata da ya cika min ɗaki, sai na ce bari in rataye ta a igiyar bayan ɗakina ta sha iska kafin kowa ya lura. A ƙirjinta ta hagu akwai wani bajo irin na 'yan makaranta, amma na fata ne, mai kusurwa huɗu, an rubuta suna biyu a kai da farin zare. Ban yi mamaki ba. Ni a sanina duk rigar fata daga gwanjo take fitowa, kuma kayan gwanjo kullum da rubutun wani a jiki. Na ce a raina, ta hannu ce ya saya, mai ita na da ne ya sa sunansa.

Ina cikin karkaɗe ta sai ga Inna ta zagayo neman kazarta. Ta tsaya ta shafa rigar, ta ce kai, wannan ai ruwa ba zai ratsa ta ba. Na ce mata a hankali kyauta ce za a yi wa Baba. Fuskarta ta yi haske. Sai ta ɗora yatsa a kan bajon ta ce, "Me aka rubuta a nan? Ni karatuna na allo ne, wannan na ku ne 'yan boko."

Zuciyata ta yi fari. Na ce yau dai ga abin da na iya. Na gyara tsayuwa kamar ranar da aka sa ni karanta labarai a taron safe na makaranta, na buɗe murya na karanto sunan nan tiryan-tiryan, na farko da na biyu. Inna ba ta ce komai ba. Na ɗauka ba ta ji ba ne saboda kukan tumaki daga bayan katanga, sai na ƙara ɗaga murya na maimaita, wannan karon har ina rarraba gaɓoɓin don ta fahimta da kyau.

Ban taɓa ganin fuska ta sauya da sauri haka ba. Inna ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, ta waiga dama, ta waiga hagu, ta dubi katangar garke. Sannan ta matso kusa da ni ta ce da ƙaramar murya, "Amarya, kada in ƙara jin sunan nan a bakinki cikin gidan nan." Ta juya ta tafi da sauri, ko kazar ba ta ƙara nema ba.

Na koma ɗaki da rigar. Na zauna bakin gado ina ta saƙa. Sunan da ba a son ji a gida, sunan wa ne in ba maƙiyi ba? Nan da nan na gina labari cikakke. Na ce wataƙila wani ne da suka yi shari'ar gona da Baba. Ko wani ne da ya yi masa sharri a wurin aiki. Maigidana kuma bai lura ba, ya je ya sayo rigar mutumin nan, zai sa ubansa ya riƙa yawo da sunan abokin gabarsa a kan zuciya. Na ga irin abin da zai faru da la'asar: Baba zai duba, ransa zai ɓaci, kyauta za ta zama abin kunya, Inna kuma za ta ce ai Amarya ta gani ta yi shiru. Sai wani tunani ya zo min, wanda a lokacin na ɗauka hikima ce. In na cire sunan nan tsaf kafin la'asar, na ceci mijina, na faranta wa Inna, an manta da tuwo mai gudaji.

Na leƙa na ga Baba ya tura babur ya fita, Inna kuma ta shiga ɗakinta. Na rufe ƙofa na ɗauko sabuwar reza.

Ɗinkin ba irin na telan unguwa ba ne. Zare ne mai kauri kamar na takalmi, an bi gefe huɗu sau biyu, ɗinki kusa da ɗinki, ko tsinken tsintsiya ba zai shiga tsakani ba. Na riƙa cusa bakin allura ina ɗago zaren, in yanke da reza, in ja da haƙori. Na yanke yatsana sau biyu. Na fi awa ɗaya a kan wannan, wuyana ya sage. Da na zare na ƙarshe na yi ajiyar zuciya, na kama gefen bajon na ja. Ko motsi bai yi ba. Ashe bayan ɗinkin an shafe bayansa da gam, ya manne da rigar kamar tare aka halicce su.

Nan na kira yayata a Gaya, ita tela ce. Na ce mata, "Yaya, yaya ake cire abin da aka manna wa fata da gam?"

Ta ce, "Fatar wa? Me kika manna wa kanki?"

Na yi mata bayani, amma ban faɗi sunan ba tunda an hana ni. Ta ce, "Ke, ki bari mai riga ya dawo mana." Na ce ba lokaci. Ta ce, "To ni dai ban ce ki yi ba. Amma gam zafi yake tsoro. Ki ɗora tsumma ki danna dutsen guga kaɗan. In ya ƙi, ki sa mai. Kuma in aka tambaya, ba mu yi waya ba."

Babu wuta, sai na zuba garwashi a dutsen guga na gawayi. Na ɗora ɗankwali a kan bajon na danna. Yayata ta ce kaɗan, amma ba ta faɗi ko kaɗan ɗin nawa ne ba. Sai da na ji ɗakin ya ɗauki ƙamshin ganda, irin na ranar sallah in ana babbaka, sannan na ɗaga. Fatar gefen ta ɗan tattare kamar fuskar wanda ya sha tsamiya. Amma kusurwa ɗaya ta ɗago. Na yi murna. Na kawo man gyaɗa, wanda Inna ta ba ni kwalba guda na girkin amarci, na riƙa ɗiga shi ƙarƙashin kusurwar ina turawa da bayan cokali. Yana tafiya a hankali, kamar ana ɓare ɗanyen rogo. Da na ga rana tana yin sama kuma ko rabi ban kai ba, sai na tuna yadda babanmu ke wanke fenti a hannu da kananzir. Na tsiyayo daga risho na zuba.

Kananzir ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Bajon ya fita gaba ɗaya, lafiya lau, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Rigar ce ta ji jiki. Inda ya tashi, gam ya tafi da fuskar fatar, wurin ya yi fari-fari kamar kan da aka yi wa aski da tsohuwar aska. Man gyaɗa ya zagaye wurin da baƙin tabo. Ga kuma hujojin allura a jere, layi biyu, gefe huɗu. Ni da na ɗauka in an zare zare huji yakan rufe kamar na atamfa. Fata ba ta mantuwa, ranar na sani.

Ban karaya ba, don tsoro bai gama kama ni ba tukuna. Na ɗauko man takalmin maigidana na shafe wurin. Man baƙi ne, riga ruwan ƙasa. Na goga, na hura, na kai ta bakin taga na duba, na dawo da ita cikin duhu na sake dubawa. A cikin duhu ba laifi. Na ce wa kaina, ko ba komai tabo ya fi sunan maƙiyi.

Bayan azahar na wanke hannu, na sa mayafi, na ɗauki bajon na tafi ɗakin Inna. Tana zaune a tabarma tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na ajiye shi a gabanta, ina jin kaina kamar wadda ta ciyo jarrabawa.

Na ce, "Inna, na cire shi. Baba ba zai gan shi ba. In ƙona shi ne, ko in jefa a masai?"

Gyaɗar da ke hannunta ta zube. Ta dubi bajon, ta dube ni, ta sake duban bajon. Can ta ce, "Amarya, sunan uban mijinki za ki jefa a masai?"

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Abu biyu suka faɗo min lokaci guda, ban san wanda zan fara yi wa kuka ba. Na lalata kyautar da mijina ya yi wa mahaifinsa. Kuma ni, amaryar kwana ashirin da uku, na tsaya a cikin gidansa na ƙwala wa surukina kira da sunan yanka, sau biyu, har da rarraba gaɓoɓi. A gidanmu ko sunan wan babanmu ba mu faɗa. Mahaifiyarmu shekara talatin da aure ban taɓa jin ta kama sunan babanmu ba, in ta ga mai irin sunan ma sai ta ce masa mai sunan malam.

Na fashe da kuka ina cewa a mayar da ni Gaya kafin la'asar. Inna ta ce, "Tashi, ba kuka za ki yi ba. Ina rigar?" Da na kawo ta shimfiɗa ta a cinya ta daɗe tana kallon wurin. Ta shinshina. Ta ce, "Man gyaɗar da na ba ki ne wannan?" Na ce e. Ta ce, "Da kananzir." Na ce e. Ta ce, "Gishiri kawai ya rage ki sa mu ci." Sai na ga kafaɗunta suna girgiza, ta rufe fuska da mayafi. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce take dannewa.

Da ta nutsu ta ce, "Laifin har da nawa. Da na ce miki na Malam ne, da ba a kai nan ba. Kunya ce ta ɗaure min baki, ga shi kuma yana bayan katanga wajen tumaki." Na ce, "Ya ji?" Ta ce, "Kurma ma da ya ji."

Ita ce ta ba ni labarin dalilin sunan. Ashe Baba mutum ne da kayansa ba sa zama. Lemarsa uku ta ɓata a masallaci, rigar ruwansa wani ya sa ya tafi da ita daga wurin rabon iri, hularsa ma an taɓa musanya masa da wadda ba ta shiga kansa. Shi ya sa maigidana ya kai rigar wurin baduku a Kano ya ce a sa sunan Baba na takarda, a manna, a ɗinke, yadda ba mahalukin da zai iya cirewa. Sabuwa ce fil, ba ta taɓa ganin gwanjo ba.

Inna ta ce, "Tunda ya fita lafiya, mayar da shi za mu yi. Zai rufe ɓarnar." Ta jiƙa ƙaro a murfin kwano ya yi danƙo, ta ɗauko basilla da zaren da take ɗinke bakin buhu. Ta ce ni in riƙe rigar in miƙe ta, ita za ta bi tsofaffin hujojin. To a nan ne aka yi kuskure na biyu, kuma shi ma kunya ce ta jawo. Ni tunda na san sunan wa ne, idona ya ƙi sauka a kansa. Na riƙe rigar na kawar da kai ina kallon bango. Ta ce, "Haka ya zauna daidai?" Na ce e, ban duba ba. Inna kuwa ba ta san inda baƙin boko yake fuskanta ba. Ta yi ɗinkinta mai kyau, ƙanana, a jere, har ta fi badukun tsafta. Muka goge gefen da tsumma, muka turara rigar da turaren wuta don kashe warin kananzir, aka ninke aka mayar cikin leda.

Da la'asar maigidana ya dawo, ko zama bai yi ba ya karɓi ledar. Baba yana zaune a kan buzu a ƙofar turakarsa, Inna tana gefe tana tankaɗe. Ni na laɓe a bayan labulen ɗakina, ina leƙe ta wani ɗan huji, ina karanta duk addu'ar da na sani har da ta shiga kasuwa.

Maigidana ya durƙusa ya ce, "Baba, ga wannan saboda sanyin hanya. Na sa an rubuta suna, an manna an ɗinke. Wannan kam ba mai iya cire shi, ko aljani ne." Inna ta yi tari. Ya zaro rigar ya warware ta, sai na ga ya tsaya cak. Ya karkata kai gefe. Ya ƙara karkatawa. A lokacin ne ni ma na gani daga inda nake: sunan yana kife, ƙafafun baƙaƙen suna sama. Ya buɗe baki zai yi magana, Inna ta ɗago ta yi masa wani kallo, ya mayar da bakin ya rufe.

Baba ya karɓa ya yi bisimilla ya sa. Ta zauna masa daidai. Ya ja zif, ya shafa hannayen, ya sa albarka mai tsawo. Sannan ya sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya shinshina sau ɗaya. Ni dai na riga na gama yanke shawarar wace mota zan hau zuwa Gaya.

Can ya ce, "Wannan badukun mai hankali ne. Ka ga ya juyo sunan ta inda ni kaɗai zan iya karantawa. Da ma ina tunanin yadda zan shigo gida da suna a ƙirji, yaran nan 'yan firamare su bi ni suna haɗa baƙi." Ya ƙara shinshinawa ya ce, "Kuma da alama yana sayar da ƙuliƙuli."

Maigidana ya rasa inda zai sa kansa. Inna ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta wurin, sai dai garin duk a ƙasa yake zuba. Ni kuma na kasa jurewa. Na fito na zube a nesa, fuskata a rufe, na ce, "Baba, ni ce. Ni na cire. A yafe min." Muryata ko ni ban gane ta ba.

Da ya yi magana, ba da ni ya yi kai tsaye ba, Inna ya duba. Ya ce, "Ku ce wa 'yar Gaya ta tashi. Yau da safe ina ba tumaki harawa na ji an kira ni sau biyu, saura kaɗan in ce na'am. Rabon da in ji muryar mace ta kira sunan nan a gidan nan tun rasuwar yayata. Har na tsaya na yi mata addu'a." Ya gyara wuyan rigar ya ce, "Ba komai. Amma sau biyun ya isa."

Maigidana bai yi min faɗa ba, abin da ya yi ya fi faɗa. Wata guda in zai fita sai ya tattara takalmansa da hulunansa ya ce bari ya ɓoye kada ya dawo ya tarar na gyara su. Ya so ya mayar da rigar Kano a daidaita sunan, Baba ya hana. Har yau haka yake sa ta. An ce a kasuwar Ajingi in ya tsaya gaisawa, sai ka ga mutum yana karkata kai kamar ƙadangare yana son karantawa. Kuma rigar ba ta taɓa ɓata ba, don duk ƙasar ba wanda bai san ta ba. Ni da Inna kuwa tun ranar muka zama abu ɗaya. Ita ta koya min tuƙin tuwo, ni kuma na nuna mata yadda ake gane saman baƙin boko da ƙasansa, ko da yake ta ce ba da wannan sunan za a yi mata darasi ba.

Abin da na koya shi ne, in ka shiga gidan da ba a nan aka haife ka ba, shirun mutanensa ma magana ce, kuma ba a fassara ta da ka. Tambaya ɗaya, "Inna, sunan wa ne?", da ta hutar da ni daga reza da gawayi da kananzir da kukan neman motar Gaya. Yanzu kafin in gyara abin da ba a sa ni ba, sai na tambaya ko ya lalace ne tukuna. Sunan kuwa, na san wasu za su so in faɗa. Ku yi haƙuri. Mai shi ya ce sau biyu ya isa.